Hannu Huɗu a Kuɗin Biyu

A duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ce Injiniya injiniya ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya kwance fankar wani maƙwabci ya mayar, ta koma juyawa da baya, ga kusoshi uku sun rage a hannunsa, ya ce dama kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Tun ana kiransa da sunan don tsokana har ya bi shi, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu. Shekararsa talatin da huɗu, ba ya aikin fari bare na baƙi, amma in ya buɗe baki sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙera jirgin sama.

Kawunsa yana da shagon aski, kuma a jikin shagon akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ƙofarsa daban. Da mai gyaran agogon da ke ciki ya tashi, mutum biyu suka sa ido a kan ɗakin. Ta farko Anti Tela, wadda ta shekara shida tana ɗinki a ƙarƙashin benen da ke kallon shagon, in an yi ruwa ta rufe kekenta da leda ta tsaya tana kallon sama. Na biyu Injiniya, wanda ya samo tsofaffin kwamfutoci biyu ya ce zai buɗe gidan gem, wato wurin wasan kwamfuta, irin wanda ba a taɓa gani ba.

Kawu ba mai doguwar magana ba ne. Ya kakkaɓe tawul ya ce, "Ranar Asabar ka kawo kayanka nan cikin shago, ka gwada a gaban jama'a. In na ga abin kirki ne, makulli naka. In na ga shirme, na Anti ne."

"Kawu, ka fara goge makullin tun yanzu," in ji Injiniya. "Ba na son tsatsa a aljihuna."

Abu ɗaya ya rage masa, wato hannuwan gem da ake riƙewa a buga wasan. Ranar Juma'a ya sa tabarau marar magani, ya soke biro a aljihu, ya nufi shagon kayan lantarki. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, ya jera masa iri uku a kan kanta.

"Wannan mai waya ne, ba ya cin batir, ba ya gardama. Wannan na tsakiya ba shi da waya, caji ake yi masa, in ka sayi biyu za su daɗe maka. Wannan na ƙarshe kuma..." Ya ɗan sosa ƙeya. "To, shi ma hannu ne."

Injiniya ya ɗauki mai wayar da yatsu biyu kamar ya ɗauki mataccen ɓera. "Waya? A wannan zamanin? Ai sai ka haɗa mini da igiyar shanya."

"To ɗauki na tsakiya, Oga."

"Tsaya, kada ka koya mini aikina." Ya ɗauki na tsakiyar ya auna a tafin hannu, ya kara a kunne ya girgiza, ya shinshina. Ya ɗauki na ƙarshen ya yi masa haka. Da ya danna wani maɓalli, fitilu suka kama walƙiya a jikinsa, ja da kore da shuɗi. Nan take zuciyar Injiniya ta tafi. "Ka ga wannan? Kamfani ɗaya ke yin su duka. Suna kawai suke canzawa su cuci wanda bai sani ba. Wannan ma ya fi, ga fitila."

"Fitila ba ta cin ƙwallo, Oga."

"A kuɗin biyu na wancan, nawa zan samu a wannan?"

"Huɗu."

"Ka ji! Huɗu da biyu, wane ne babba? Kai ko lissafi ba ka yi ba a makaranta?"

Mai shagon ya ga ba riba a musun, ya ɗauko kwalaye huɗu. Ya buɗe ɗaya ya zaro wani ɗan tsinke baƙi, bai wuce farcen babban yatsa ba. "Ka ga wannan ɗan tsinken? Shi ake soka wa kwamfuta, ta nan take jin hannun. Kowane hannu da nasa, ba ya jin na wani. Kuma duk kamarsu ɗaya. Don Allah kada ka cakuɗa su."

"Ni za ka gaya wa?" Injiniya ya yi dariya har da buga kanta. Tun bai fita daga shagon ba ya ɓare kwalayen duka, ya ce ba zai ɗauki shara zuwa gida ba. Ya zuba hannuwan huɗu a jaka, ya watsa 'yan tsinken huɗu a aljihun wando, suka haɗu da makullai da alewa biyu.

Ranar Asabar da hantsi ya iso shagon Kawu da kaya niƙi-niƙi. Ya kafa babbar kwamfuta a kan tebur tana kallon bencin jira, da wasan ƙwallo a ciki. Ƙaramar ya ajiye ta can gefe kusa da wurin wanke kai, da wasan tseren mota. Ya laluba aljihu ya soka tsinke biyu a nan, biyu a can, duk wanda hannunsa ya fara taɓawa. Sai a lokacin ya gane babu batir ko ɗaya a cikin hannuwan, wanda ya yi walƙiya a kanta na gwaji ne.

Da wani ne, da ya koma kasuwa ya sayo. Injiniya kuwa jira ya yi Kawu ya fita ɗebo ruwa, ya bi shagon kamar fara ta sauka a gona. Ya cire na rimot, ya cire na tocila, ya cire na rediyo. Da suka ƙi isa, ya buɗe ƙaramin injin da Kawu ke gyaran gashin baki da shi, ya kwashe sababbin da ke ciki, ya mayar masa da wasu tsofaffi da ya tsinta a durowa.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne Ticha, malamin makarantar da ke bayan layi, mutum mai ji da gashin bakinsa fiye da albashinsa. Ya zauna a kujera, Kawu ya ɗaura masa ƙyalle, ya rage ɓangaren dama tsaf. Yana tsallakawa hagu injin ya yi wani gurnani, ya cafki gashi uku, ya mutu a nan.

"Wayyo!" in ji Ticha.

Kawu ya bubbuga injin, ya buɗe bayansa, ya daɗe yana kallon batiran. Bai juyo ba. Shi Kawu ba ya juyowa, shekara talatin ta madubi yake kallon duniya. Ta nan ya nemo idon ɗan 'yar uwarsa.

"Kai."

"Kawu, aro na yi. Ci gaba ai sai da sadaukarwa."

"Da gashin bakina za a yi sadaukarwar?" in ji Ticha, yana kallon fuskarsa da ta karkace gefe guda.

"Ticha, kwantar da hankalinka. Kai ne mutum na farko da zai tuƙa mota a gidan nan, kyauta. Kafin ka gama tsere an sayo batir."

Kafin azahar shago ya cika. Direba ya zo, wani ƙato mai tuƙa motar kaya, wanda duk layin aka san shi da iya gem ɗin ƙwallo. Mai wanki ya leƙo daga tsallaken titi. Anti Tela ta shigo da wata riga tana yi mata kalmasa, ta samu ƙarshen benci ta zauna.

Injiniya ya hau kan kujera ya yi jawabi. Ya ce hannuwan nan ko daga wata unguwa aka danna su kwamfuta za ta ji. Direba ya ce ƙarya ne. Injiniya ya ce a tsaya a gani. Ya ɗauki ɗaya ya fita yana tafiya da baya, yana dannawa, yana ɗaga murya.

"Suna motsi?"

'Yan wasa kuwa suna ta gudu a allon, domin haka wasan yake yi in an bar shi, ya riƙa buga kansa kafin a fara. Direba ya sani sarai, amma ya ƙunshe dariya ya ce, "Suna motsi! Ƙara baya!"

"Yanzu fa?"

"Kamar ma sun ƙara gudu! Ƙara!"

Ya tsallaka titi da baya, mai babur ya kauce masa yana zagi. Ya ƙara taku biyu, ƙafarsa ta bugi bahon mai wanki, ya zauna daram a cikin ruwan kumfa tare da zanen gadon wani. Hannun gem kaɗai ya tsira, don ya ɗaga shi sama. Layin ya ɗauki ihu. Mai wanki ya ce tunda ya shiga sai a cuɗa shi gaba ɗaya. Injiniya ya miƙe yana ɗiga, ya ce dama so yake ya gwada ko danshi yana hana saƙo tafiya, kuma ga shi an gani bai hana ba.

Ya dawo da aron wandon mai wanki, wanda ya tsaya masa a ƙwauri, ya ce a fara. Ya ɗauki hannu ɗaya ya gwada wa Ticha a ƙaramar kwamfuta. Fitila tana walƙiya, mota ko gezau. Ya danna, ya girgiza, ya hura masa iska.

"Wannan ya mutu. A cikin huɗu dole a samu rago." Ya waiga ya hangi Anti, sai tsokana ta motsa masa. "Anti, ungo. Riƙe ki riƙa latsawa, ki ji yadda zamani yake. Kada ki damu, ba ya cizo."

"Na gode, ƙanena," in ji ta, ta ajiye allurarta ta karɓa.

Ya miƙa wa Ticha wani hannun, ya ce ya yi haƙuri motar tana ɗumama inji ne. Ya ba Direba ɗaya, ya riƙe na ƙarshe, suka zauna gaban babbar kwamfuta. Direba ya zaɓi masu jar riga, ya bar wa Injiniya farare, ya danna aka busa usur.

Gaskiyar magana, Injiniya bai taɓa cin kowa a wasan nan ba, ko kwamfuta in ya buga da ita sai ya kashe ta kafin a tashi. Minti biyun farko fararen suka yi ta dawurwura, ɗaya ma ya tsaya yana juyi a wuri ɗaya. Sai kuma, ba zato, suka nutsu. Wani ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya miƙa gefe, aka dawo masa da ita, ya yanke mai tsaron baya, ya zura ta a kusurwa.

Shagon ya fashe da ihu.

Babu wanda ya kai Injiniya mamaki. Ya dubi allon, ya dubi yatsunsa, ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ƙafa. Ashe dama ya iya! Ashe duk shekarun nan rashin kayan aiki ne ya danne shi!

"Na gaya muku! Direba, wannan gaisuwa ce kawai!"

Daga can gefe aka ji muryar Ticha. "Jama'a, motar nan ta tashi, amma ba ta jin magana. Ina cewa dama tana yin hagu."

"Sai a hankali, Ticha, tuƙi ba alli ba ne!"

Aka ci gaba. Injiniya ya saki jiki, yana danna duk abin da yatsansa ya samu, yana karkata kafaɗa, yana cije leɓe. Fararen suka ƙara ta biyu da kai. Direba ya fara gumi, ya gyara zama, ya goge tafin hannu a wando.

"Ta shiga gonar mutane!" in ji Ticha. "Ta fito! Ta koma! Wallahi ban taɓa komai ba!"

"Direba, in kira maka kwandasta ya taya ka?"

"Yi wasanka, malam."

"Ai ba wasa nake ba, darasi nake bayarwa. Kalli nan, ko ido ba na buƙata!" Ya rufe ido ya juya kai gefe yana latsawa. Jama'a suka yi kururuwa, ya buɗe ido ya tarar an ci ta uku. A can kuma motar Ticha ta daki bango tana ta turawa kamar akuya a garke.

Uku ba ko ɗaya! Injiniya ya kasa zama. Ya jefar da hannun gem a kan kujera, ya shiga tsakiyar shago ya kama rawa da wandon aro, yana kaɗa kafaɗa, yana miƙa wa kowa hannu a tafa. Ya je gaban madubi ya sara wa kansa. Ya ce wa Kawu ya fara tunanin launin fentin da za a yi wa ɗakin.

"Alhamdu lillahi, ta tsaya," in ji Ticha.

Yana cikin rawar ya lura tafin ya ragu. Mutane ba shi suke kallo ba. Ya bi idonsu zuwa allon. An dawo da ƙwallo tsakiya, fararen sun ƙwace, ɗaya ya ɗauke ta ya wuce mutum biyu, ya ɗaga ta sama da mai tsaron gida, ta faɗa raga a hankali. Ta huɗu ke nan. Hannun gem ɗin Injiniya kuwa yana kwance a kan kujera, ya kifa ciki, yana ta walƙiyarsa.

Direba ya dubi kujerar, ya dubi Injiniya. "Wa ya ci wannan?"

Injiniya ma ya dubi kujerar. Amma bakinsa bai taɓa barinsa a hanya ba. "Ai... shi ne abin da nake gaya muku. Na zamani ne. In ka buga da shi sau uku yana haddace salonka, sai ya ci gaba da kansa."

"Ya haddace?"

"Tsaf. Sai dai mai ilimi ne zai gane."

Kawu ya ajiye almakashi. Bai juyo ba, ya yi magana da madubi. "Anti, ɗaga hannunki daga kan abin nan."

A ƙarshen benci Anti Tela ta ɗaga yatsunta. Nan take fararen suka tsaya cak a fili kamar an kira sallah.

"Mayar."

Ta mayar, suka ruga.

"Tun ƙwallon farko nake kallon yatsunta," in ji Kawu. "Kai kuma ɗauki naka ka danna."

Injiniya ya ɗauka ya danna.

"Ta tashi!" Ticha ya daka tsalle. "Ga ta can ta nufi kogi!"

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarna ce. Mai wanki ya durƙusa ya riƙe ƙofa. Wani da aka yi wa rabin aski ya sulalo daga kujera da ƙyallen a wuya. Direba yana buga cinya yana hawaye, yana cewa ashe tun ɗazu da direba ɗan uwansa yake zaune bai sani ba. Ticha ne kaɗai bai yi dariya ba, ya ce shi a biya shi rabin awar da ya yi yana roƙon mota.

"Anti, ina kika koya?" in ji Direba.

"'Ya'ya maza uku na raina a ɗaki ɗaya," ta ce, tana gyara ɗankwali. "In ban iya ba, wa zai raba musu faɗa? Na ga ina latsawa suna amsawa, na ce bari in taya ƙanena, kada a ji kunya a gaban baƙi."

Wannan tausayin ya fi dariyar yi wa Injiniya ciwo. Ya ce ai duk ɗaya ne, tsinke ne ya sauya wuri, a ba shi hannun mai rai a ga aiki. Anti ta miƙa masa. Direba ya gyara zama yana murmushi.

Cikin minti biyar jajaye suka rama huɗun. Hannun yana kaɗawa duk lokacin da aka taɓa ɗan wasa, kuma kaɗawar tasa ba ta wasa ba ce, har murfin batir ya fice, Injiniya ya bi batir ɗaya da rarrafe ƙarƙashin kujerar aski. Ya dawo ya ce yanzu zai nuna musu. Ya karɓi ƙwallo, ya ruga da ita da gudun da bai taɓa yi ba, ya wuce kowa ba wanda ya tare shi, ya buga da dukkan ƙarfinsa. Ta shiga. Ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya ga mai tsaron gidan da ke kwance farar riga ce a jikinsa.

"Biyar da huɗu," in ji Direba. "Na gode da gudummawa."

Kawu ya bar dariyar ta lafa. Sannan, a karon farko a ranar, ya juyo. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli. Injiniya, ko don sabo ko don sauran fata, ya riga ya miƙa tafin hannu. Makullin ya wuce ta gabansa ya sauka a hannun Anti.

"Damina ta kusa," in ji Kawu. "Ki shigo da kekenki gobe."

Anti ta riƙe makullin da hannu biyu, idonta ya ciko, ta yi ta godiya. Aka yi mata tafi na gaske. Injiniya ya tsaya da hannu a miƙe, bai san inda zai kai shi ba, ya ƙare da sosa wuya. Ya so ɗakin nan. Duk cika bakin da yake yi, ya so a ce yau da safe yana da wurin da zai je ya buɗe, kamar kowa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihun riga. Ruwan baho ya taɓa ta, ba ta amsawa sai a bayyane, don haka kowa ya ji muryar mahaifiyarsa.

"Ɗan nan, yaya gwajin? Tun safe nake maka addu'a."

"Lafiya lau, Inna. Jama'a sun cika, har waje."

"Madalla! An ci?"

"An ci huɗu a jere, Inna. Irin cin da ba a taɓa gani ba a layin nan."

"Kai ka ci?"

Ya dubi Anti, ya dubi Kawu, ya dubi shago cike da mutanen da suka toshe baki suna jiran amsarsa. Ya ja wandon aro sama, ya gyara murya.

"Da kayana aka ci, Inna."